A Wace Aya Ka Gani? Yadda Za a Fara Binciken Littafi Mai Tsarki a Cikin Zumunta

(Kiɗan buɗe shiri)

Matasa da ɗalibai, ku matso kusa, domin shirin yau naku ne ƙwarai.

Kusan kowace ikilisiya tana da ranar binciken Littafi Mai Tsarki a tsakiyar mako. Amma mu faɗa wa juna gaskiya, me yakan faru in an taru? Wani lokaci jagora ya karanta aya ɗaya, ya rufe littafi, ya shiga wa'azi har lokaci ya ƙare, saura kuwa sai amin. Wani lokaci kuma a ce kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, sai ka ji "ni a ganina", "ni kuma a nawa tunanin", har a tashi ba wanda ya sake leƙa nassin. A duka biyun an yi taro, an yi addu'a, amma Littafin da aka zo dominsa bai samu damar yin magana ba.

Yau za mu koyi wata hanya wadda ke sa nassi a gaba, ra'ayinmu a baya. Ba ta bukatar digiri, ba ta bukatar tarin littattafai. Tana bukatar buɗaɗɗen Littafi, da haƙuri, da tambaya guda wadda za ku ji ina maimaita ta: a wace aya ka gani? In Littafinku yana kusa, ku ɗauko, ku buɗe Bishara ta Markus sura 2. A can za mu yi aikinmu.

Hanyar tana da matakai uku, kuma jerinsu ba ya sauyawa. Na farko lura: me nassin ya ce? Na biyu fahimta: me yake nufi ga waɗanda aka fara rubuta wa? Na uku aikatawa: me zan yi da shi? Wato ba ma zuwa da amsarmu a aljihu muna neman ayar da za ta goya mana baya. Muna tattara abin da ke rubuce tukuna, daga nan ma'ana ta fito, daga ma'ana kuma aiki ya biyo.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mutanen Allah. A Nehemiya sura 8, Ezra ya karanta Attaura a gaban jama'a, maza da mata, Lawiyawa suka bi suna bayyana ma'ana har mutane suka gane, sa'an nan jama'a suka tashi suka yi Idin Bukkoki kamar yadda suka tarar a rubuce. Karatu, ganewa, aiki. A Ayyukan Manzanni sura 17 kuma, an yaba wa Yahudawan Biriya domin sun karɓi maganar Bulus da marmari, suna kuma bin Littattafai kowace rana su tabbatar ko haka abin yake. Ku lura, Manzo Bulus ne fa ke wa'azi, duk da haka suka koma suka duba, kuma ba a kira wannan rashin kunya ba.

A zamanin baya-bayan nan, wani malami a Amurka mai suna Wilbert White ya kafa makaranta a shekarar 1900, wadda daga baya ta zauna a birnin Niyok, inda ya nace cewa ɗalibi ya fara nazarin Littafin kansa kafin ya karanta abin da wasu suka rubuta a kansa. A 1952 Robert Traina, wanda ya fito daga wannan makaranta, ya tsara hanyar a cikin littafi, ta bazu a makarantun tauhidi da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙasashe da yawa. A nan gida, ƙungiyoyi irin su FCS, wadda aka kafa a Gindiri a 1957, da NIFES, wadda ta soma a 1968, sun raini ɗalibai masu yawa a kan zama cikin ƙananan rukuni ana binciken nassi. Mu masu jin Hausa kuwa muna da cikakken Littafi Mai Tsarki a harshenmu tun 1932, aikin da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha wahalarsa, aka kuma sake sabuwar fassara a 1979. An yi wannan wahala ne domin manomi da mai sayar da ƙosai su karanta da kansu, su gane da kansu.

To, kafin a zauna, me za a shirya?

Rukunin kada ya yi yawa. Mutum shida zuwa goma sha biyu sun isa. In an fi haka a rabu biyu, domin a babban taro masu kunya ba sa buɗe baki. A zauna a kewaye, kowa yana ganin fuskar kowa, jagora ma ya zauna, kada ya tsaya kamar mai wa'azi. Kowa ya zo da Littafinsa, ko na takarda ko na waya, da ɗan littafin rubutu da biro. In wani yana da fassarar 1979, wani yana da Sabon Rai Don Kowa, wata tsohuwa kuma ta zo da tsohon juyi, wannan riba ce, a karanta duka a ji.

A zaɓi littafi guda a bi shi daga farko zuwa ƙarshe, a daina tsalle daga nan zuwa can. Ga masu farawa, Markus ya dace: sura 16 ne, shi ne mafi gajarta cikin Bisharu huɗu, labari ne kuma mai tafiya da sauri. Bayansa ana iya ɗaukar Rut, ko Yunusa, ko Filibiyawa, kowannensu sura 4. Wahayin Yahaya da wahayoyin Daniyel a dakata da su tukuna, lokacinsu na zuwa.

Kuma a ɗauki labari cikakke ko sakin layi cikakke, ba aya tilo ba. Ku sani, marubutan Littafi Mai Tsarki ba su sa lambobin sura da aya ba. Rabon surori da muke amfani da shi ana danganta shi ga Stephen Langton, babban bishop na Kantabari a Ingila, a farkon ƙarni na 13. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani Bafaranshe mai buga littattafai, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Lambobin suna taimaka mana mu sami wuri, amma tunanin marubuci bai tsaya inda lamba ta tsaya ba.

Sai a fara da addu'a, ba don al'ada ba. Ruhu Mai Tsarki wanda ya bishe da marubutan shi ne mai buɗe zuciyar mai karatu. Matakan nan uku kayan aiki ne kawai, ba sa maye gurbinsa.

Yanzu mataki na farko, lura. A nan zan daɗe, domin a nan ne yawancinmu muke gaggawa.

Wanda ya je kara sayen rago ba ya tayawa daga nesa. Sai ya zagaya shi, ya taɓa ƙugu, ya buɗe baki ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, sa'an nan ya yi maganar kuɗi. Haka za mu yi da nassi: a duba shi sosai kafin a ce ga ma'anarsa.

A karanta Markus 2, aya 1 zuwa 12, da murya, sau biyu, bakin mutum biyu dabam. Sa'an nan a rufe Littafi, wani ya ba da labarin da ka, saura su cika abin da ya tsallake, su kuma cire abin da ya ƙara. Wannan yana da amfani musamman ga iyayenmu da ba su yi karatun boko ba. Sau da yawa wanda ya ji da kunne ya fi mai karatu riƙe labari, don haka kada a bar kowa a baya saboda rashin iya karatu.

Daga nan sai tambayoyi: wa, ina, yaushe, me ya faru, ta yaya?

Ina abin ya faru? A Kafarnahum, garin da ke bakin Tekun Galili, a cikin wani gida. Yaushe? Bayan 'yan kwanaki da abin da ya faru a ƙarshen sura 1. Su wa ke wurin? Yesu, da taron da ya cika gida har bakin ƙofa ba masaka tsinke, da wani shanyayye, da mutum huɗu da suka ɗauko shi, da malaman Attaura a zaune. Me Yesu yake yi kafin su iso? Aya 2 ta nuna yana yi wa mutane wa'azin Maganar Allah. Me mutanen huɗu suka yi da suka rasa hanya? Suka hau sama, suka buɗe rufin daidai inda yake, suka zuraro mara lafiyan a kan shimfiɗarsa.

Yanzu ku ƙara kusantowa. A aya 5, bangaskiyar wa Yesu ya gani? Da yawa za su amsa da sauri, ta shanyayyen. Jagora sai ya ce, a sake dubawa. Nassin ya yi maganar bangaskiyarsu, jam'i ne, ba ta mutum ɗaya ba. Kuma me Yesu ya fara yi wa mutumin? Kowa yana jiran warkarwa, amma abin da ya fara furtawa gafarar zunubai ce. Malaman Attaura fa, sun yi magana a fili? A'a, a zuci suka yi gunaguni, Yesu ne ya fito da abin da ke ransu.

Sai a nemi abin da aka maimaita. Ku ƙirga maganar gafarta zunubi: tana aya 5, aya 7, aya 9, da aya 10. Sau huɗu cikin ayoyi goma sha biyu. Shimfiɗar ma an ambace ta sau huɗu: a aya 4 ita ke ɗauke da shi, a aya 12 shi ke ɗauke da ita. Marubuci ba ya maimaita abu a banza. Inda ya yi ta komawa, nan zuciyar maganarsa take.

Akwai kuma lura da abin da nassin bai faɗa ba, kuma wannan yana tsare mu daga ƙari. Bai faɗi sunan mutumin ba. Bai faɗi sunayen masu ɗaukarsa ba, bai ma ce danginsa ne ko maƙwabta ba. Ba a rubuta ko kalma ɗaya daga bakin shanyayyen ba. Bai ce wani zunubi ne ya jawo masa ciwon ba. In wani a rukuni ya ce, "Ai mutumin nan mashayi ne, shi ya sa ya shanye," ba sai an yi masa faɗa ba. A tambaye shi cikin ladabi: ɗan'uwa, a wace aya ka gani? Zai duba, ba zai samu ba, shi da kansa zai janye. Ba jagora ne ya gyara shi ba, nassi ne.

Ku rubuta duk abin da kuka lura da shi, ƙarami da babba. In kuna da awa guda, ku ba wannan mataki kusan sulusinta. Sannu ba ta hana zuwa.

Za mu ɗan sha iska, in mun dawo mu shiga mataki na biyu. Kada ku rufe Littafin.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kama mu yanzu, muna koyon binciken Littafi Mai Tsarki mataki-mataki, muna kan Markus sura 2, aya 1 zuwa 12. Mun gama lura, yanzu sai fahimta.

Tambayar wannan mataki ita ce "don me?" da "me wannan ke nufi?" Amma a kiyaye: ba muna tambayar me yake nufi a gare ni ba tukuna. Muna tambayar me Markus yake so masu karatunsa na farko su gane. Nassi ba zai ɗauki wata ma'ana yau wadda ta saɓa wa abin da marubucinsa ya nufa ba.

Abu na farko da ke taimakawa shi ne duba abin da ke gaba da abin da ke baya. A ƙarshen sura 1, Yesu ya warkar da kuturu, kuturun ya baza labari, har Yesu bai iya shiga gari a fili ba. Shi ya sa gidan ya cika maƙil. In kuma kuka ci gaba daga sura 2 zuwa sura 3 aya 6, za ku tarar da gardama biyar a jere tsakanin Yesu da shugabannin addini: kan gafarar zunubi, kan cin abinci da masu karɓar haraji, kan azumi, sai biyu kan Asabar. A ƙarshensu Farisiyawa suka haɗa kai da mutanen Hirudus suna shawarar yadda za su hallaka shi. Ashe labarinmu shi ne farkon wannan jayayya. Ba labarin warkarwa kawai ba ne.

Abu na biyu, sanin yadda rayuwa take a wancan wuri. Gidajen talakawan Galili suna da shimfiɗaɗɗen rufi: a jera itatuwa, a shimfiɗa rassa ko kara, a daɓe da ƙasa, sau da yawa da matakala ta waje. Wanda ya girma a gidan soro, ya san azara da yaɓe, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san ana iya haƙa irin wannan rufi, ya san ƙasa za ta zubo kan na ciki, ya kuma san ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne mutum ya fasa rufin gidan wani.

Abu na uku, a bar nassi ya fassara nassi. Don me malaman Attaura suka kira maganar Yesu saɓo? Domin a Ishaya 43 aya 25 Allah ya nuna shi ne da kansa mai shafe laifofi, kuma Littafin Firistoci 24 aya 16 ya yanke hukuncin kisa ga mai saɓon sunan Ubangiji. Wato a kan cewa Allah kaɗai ke gafarta zunubi, malaman nan ba su yi kuskure ba. Inda suka ɓata shi ne ba su gane wanda ke gabansu ba. Sai Yesu ya yi musu tambaya, wanne ya fi sauƙin faɗa, gafara ko umarnin tashi a yi tafiya? Ku bar rukuni ya yi ta juya wannan tambaya, kada jagora ya yi saurin amsawa. A hankali wani zai gano: gafara ba a ganinta da ido, kowa na iya furta ta ba a kama shi da ƙarya ba, amma in ka ce wa shanyayye ya tashi bai tashi ba, asirinka ya tonu nan take. Sai Yesu ya yi abin da ido ke gani domin ya tabbatar da abin da ido ba ya gani. Aya 10 ma ta faɗi dalilin a fili. A nan ne kuma karo na farko a cikin Markus da Yesu ya kira kansa Ɗan Mutum, sunan da ke kai mu ga Daniyel 7 aya 13 da 14, inda aka ba wani mai kama da ɗan mutum mulki madawwami.

Bayan an tattauna, rukuni ya yi ƙoƙarin faɗin babban saƙon a jimla ɗaya, da kalmominsa. Misali: Yesu yana da ikon gafarta zunubi, ikon da na Allah ne kaɗai, ya kuma tabbatar da haka da ya tā da shanyayye. In jimlarku ta tsaya kan kirkin mutanen nan huɗu kawai, ku koma ku duba abin da aka maimaita sau huɗu. Bangaskiyarsu tana cikin labarin, abin koyi ce, amma ba ita ce tsakiyarsa ba.

Rashin wannan mataki ne ke sa a ɗauki aya a kai ta inda ba a aike ta ba. Filibiyawa 4 aya 13 tana jikin motoci da shaguna, ana ɗaukarta alkawarin cin nasara a kowace harka. Amma karanta daga aya 10: Bulus yana tsare, yana bayyana yadda ya koyi zama da wadar zuci a cikin ƙoshi da cikin yunwa. Ƙarfin da yake magana a kai, ƙarfin jimrewa ne cikin kowane hali. Haka Irmiya 29 aya 11: wasiƙa ce zuwa ga waɗanda aka kwashe bauta Babila, ayar da ta gabace ta kuma ta ce sai an cika shekara 70. Alkawarin gaskiya ne, amma an ba da shi ga mutanen da aka ce su gina gidaje, su yi shuka, su jira. Wanda ya gane haka, ta'aziyyar da zai samu ta fi ta da zurfi.

A kuma lura da irin rubutun da ake karantawa, domin in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A labari, bi mutane da abin da ya faru. A wasiƙun manzanni, kama ƙananan kalmomin da ke ɗaure magana: "saboda haka", "gama", "amma", "domin". Romawa sura 12 ta buɗe da irin wannan kalma, tana jingine da surori goma sha ɗaya da suka gabata. Zabura waƙa ce, tana magana da siffantawa. Karin Magana kuwa hikima ce mai bukatar sanin lokaci: a sura 26, aya 4 ta hana amsa wa wawa, aya 5 ta ce a amsa masa, kuma ba saɓani ba ne, kowace da wurinta.

Mataki na uku, aikatawa. Yakubu sura 1 ya gargaɗe mu cewa mai jin Magana ba ya aikatawa, kansa yake ruɗi. Rukunin da ya iya lura, ya iya fahimta, amma ba abin da ya sauya a gida da kasuwa, ya tara ilimi ne kawai, ilimi kuwa shi kaɗai yakan kumbura kai.

Aikatawa ta fito daga babban saƙon. Tun da saƙon Markus 2 ikon Yesu ne na gafarta zunubi, tambaya ta farko ita ce: na kawo masa zunubina, ko kuwa bukatun jiki kaɗai nake kawowa? Akwai laifin da na tuba a kansa tuntuni amma har yau ina ɗauke da shi kamar ba a gafarta ba? Akwai wanda na yanke masa hukunci a zuci, kamar malaman nan, na ce wane ya wuce gafara? Bayan wannan sai a zo kan mutanen huɗu: wa ke unguwarmu wanda ba zai iya zuwa da ƙafarsa ba? Wataƙila dattijon da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, ko gwauruwar da ta daina zuwa sujada, ko saurayin da kunya ta hana shi dawowa.

Kuma a guji amsar da ba ta da hannu ba ta da ƙafa. "Ya kamata mu ƙara ƙauna" magana ce mai daɗi, amma ba wanda zai san ko an yi. Gara mutum ya ce, "Ranar Asabar ni da wane za mu je mu gai da Baba, mu kai shi asibiti in da bukata." A ce "ni", a daina ɓuya a bayan "mu". Kowa ya ɗauki abu guda, ya rubuta, a yi wa juna addu'a a kai. Mako mai zuwa, kafin a buɗe sabon nassi, a tambayi juna yadda aka ƙare, ba don tonon asiri ba, don ƙarfafawa. Abin da wani ya faɗa na sirrinsa kuwa, a nan zai tsaya. Ranar da maganar rukuni ta fita kasuwa, ranar bakin kowa zai rufe.

Yanzu gare ku, masu jagora. Aikinku tambaya ne, ba wa'azi ba. Ku yi naku binciken a gida tun kafin ranar, ku bi matakan uku, ku rubuto tambayoyi kamar takwas ko goma: mafi yawa na lura, kaɗan na fahimta, biyu na aikatawa. Ku guji tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce. Maimakon "Yesu yana da iko, ko ba haka ba?" ku ce, "Me Yesu ya yi don ya nuna ikonsa?"

In kun yi tambaya aka yi shiru, kada ku firgita ku amsa da kanku. Mutane suna dubawa ne, ku ba su lokaci. In wani ya cika magana, ku gode masa, ku ce bari mu ji daga wannan gefen. In wata ba ta cewa komai, ku ba ta tambaya mai sauƙi wadda amsarta ke cikin aya, kamar, "Mama, mutum nawa suka ɗauko shi?" Daga ƙaramar amsa baki ke buɗewa.

Mun san al'adarmu: yaro ba ya gyara maganar babba, matar ɗa ba ta sakin baki gaban surukai. Wannan ladabi abu ne mai kyau, kada a rushe shi. Amma tambayarmu tana ba da hanya. In dattijo ya faɗi abin da ba ya cikin nassi, ba sai an ce ya yi kuskure ba. A ce, "Baba, ku taimake mu, a wace aya kuka ga wannan, mu ma mu duba?" Girmansa bai taɓu ba, gaskiya kuma ba ta faɗi ba. Inda kunya ta yi yawa, a raba rukuni, mata dabam, matasa dabam, a riƙa haɗuwa lokaci-lokaci.

In tambaya ta fi ƙarfinku, kada ku ƙirƙiro amsa. Ku rubuta ta, ku kai wa fasto ko mai bishara, ku kawo bayani mako mai zuwa. Mai tambaya ba ya ɓata. Wannan bincike ba kishiyar mumbari ba ne. Jama'ar da ta saba duba nassi ita ce ta fi jin daɗin wa'azi mai kyau, ita ce kuma ta fi wuyar ruɗuwa a hannun masu yawo da sababbin koyarwa don neman kuɗi. Littattafan sharhi da bayanan da ke ƙasan shafi suna da amfani, amma a buɗe su a ƙarshe, bayan an yi gumin kai. Kuma bayan 'yan makonni, ku ba wani ya gwada jagora, ku zauna kusa da shi. Rukunin da mutum ɗaya ne kawai ya iya bi da shi, yana tafiya ya watse.

Ga aikin gida. A wannan mako ku nemi mutum uku ko huɗu, ko iyalinku ne bayan cin tuwon dare, ku buɗe Markus sura 4, aya 35 zuwa 41, labarin hadari a teku. Ku karanta sau biyu, ku ba da labarin da ka. Ku nemo tambayoyin da ke cikin nassin, ku ga wa ya yi kowace, wa aka yi wa. Ku duba a wane lokaci ne aka ce almajiran sun ji tsoro ƙwarai, kafin iska ta kwanta ko bayan ta kwanta, sa'an nan ku tambayi kanku don me. Ku faɗi saƙon a jimla ɗaya, kowa kuma ya ɗauki abu guda da zai yi kafin Lahadi. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, da wannan nassi za mu fara, mu ga abin da kuka samo, daga nan mu koyi yadda ake binciken wasiƙa, da Filimon, mai aya 25 kacal.

Ubangiji ya buɗe mana ido mu ga abin da ke rubuce, ya ba mu hankalin ganewa, ya ba mu ƙarfin aikatawa.

(Kiɗan rufe shiri)